Yadda ake neman gurbin bincike bayan digirin digirgir a fannin fiziks

A manyan jami'o'i da cibiyoyin kimiyya na duniya, digirin digirgir shi kaɗai ba ya kai mutum ga kujerar dindindin a fannin fiziks. Tsakanin kammala digirin da samun irin wannan kujera akwai wani zango na wucin gadi da ma'abota fannin ke kira fosdok, wato aikin bincike na bayan digiri na uku. A wannan zangon ne ake gane ko sabon dakta zai iya tsayawa da ƙafafunsa ba tare da malamin da ya duba aikinsa ba.

A Najeriya al'amarin ya sha bamban. Yawancin masu digirin digirgir a fiziks malamai ne tun kafin su kammala, don haka da zarar sun kare kundinsu sai su koma aji, ga ɗaruruwan ɗalibai, ga tulin takardun jarrabawa. Da yawa ba sa waiwayar batun fosdok sai bayan shekara biyar ko shida, alhali a lokacin wasu daga cikin manyan ƙofofin sun riga sun rufe, domin hukumomin da ke ba da tallafin suna ƙirga shekarun da mutum ya yi bayan karɓar digirinsa. Wannan bayani ya tattaro yadda tsarin yake, da lokacin nema, da wuraren da ake dubawa, da abubuwan da masu ɗaukar ma'aikata ke auna mai nema da su.

Mene ne fosdok?

Fosdok aiki ne na kwantiragi, galibi na shekara biyu zuwa uku. Ba a shiga aji a matsayin ɗalibi, ba a rubuta jarrabawa, kuma ba a ba da wani sabon digiri a ƙarshensa. Ana biyan mutum albashi ko alawus domin ya yi bincike ya wallafa sakamakonsa. Wanda ya rubuta takardar nema da harshen ɗalibi mai roƙon gurbin karatu ya nuna tun daga layin farko cewa bai fahimci abin da yake nema ba, domin farfesan da ke karanta takardar abokin aiki yake nema, wanda zai zo da wata ƙwarewa da rukuninsa ke buƙata.

Fiziks kuma fanni ne mai rassa da yawa, kowane reshe da al'adarsa. Akwai masu nazarin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa zarra, da masu nazarin taurari da sararin samaniya, da masu nazarin daskararrun abubuwa irin waɗanda ake ƙera batura da faifan sola da su, da masu nazarin nukiliya, da haske, da yanayi, da cikin ƙasa, da kuma fiziks na asibiti. A kowane reshe akwai masu aiki da lissafi da kwamfuta, akwai masu aiki da na'urori a ɗakin gwaji. A rassan da suka dogara da lissafi, kamar nazarin ƙwayoyin zarra da ilimin taurari, ba baƙon abu ba ne mutum ya yi fosdok biyu ko uku a ƙasashe daban-daban kafin ya samu wurin zama.

Tsarin ba sabo ba ne ga masanan Najeriya. Farfesa Alexander Animalu, bayan ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Cambridge ta Ingila a 1965, ya yi irin wannan aiki a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya ci gaba da bincike da koyarwa a ƙasar, sannan ya dawo Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1976.

Guraben iri biyu ne

Iri na farko shi ne gurbin da ke ƙarƙashin kuɗin binciken wani farfesa. Shi ne ya nemo kuɗin daga hukumar da ke tallafa wa kimiyya a ƙasarsa, ya tsara aikin, sannan ya tallata cewa yana neman wanda zai taya shi. Irin waɗannan guraben su ne suka fi yawa, ana kuma tallata su a kowane lokaci na shekara. Abin da ake dubawa shi ne dacewa: ko mai nema ya iya na'urar da za a yi aiki da ita, ko ya san manhajar lissafin, ko ya taɓa wallafa wani abu kusa da batun.

Iri na biyu shi ne tallafin da ake bai wa mutum da sunansa. A nan mai nema ne ke tsara binciken da yake son yi, ya samo masanin da zai karɓi baƙuncinsa, sannan su miƙa buƙatar ga gidauniya ko hukuma. Gasar ta fi zafi, amma wanda ya samu yana da 'yancin bin tunaninsa, kuma sunan tallafin na bin sa har ƙarshen aikinsa. Wannan hanya tana da wata fa'ida ga wanda ba a san jami'arsa sosai a waje ba: farfesan da ba shi da kuɗin ɗaukar ma'aikaci yakan yi maraba da baƙon da wata gidauniya za ta biya.

Lokacin nema

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jira sai an karɓi takardar shaidar digiri. A Turai da Amurka ta Arewa ana fara nema kusan shekara guda kafin ranar fara aiki. A fannin nazarin ƙwayoyin zarra da na taurari, tallace-tallacen na fitowa daga watan Satumba, akasarin wa'adin miƙa takardu na cika tsakanin Oktoba da Disamba, ana yin tayi a farkon sabuwar shekara, a fara aiki a Satumba ko Oktoba mai zuwa. Ƙungiyar Masana Taurari ta Amurka ma tana da ƙa'idar cewa kada a tilasta wa mai nema ya amsa tayin fosdok kafin 15 ga Fabrairu, domin ya samu damar kwatanta tayin da ke gabansa.

Ma'anar wannan ita ce, ɗalibin da ke sa ran kare kundinsa a tsakiyar shekara mai zuwa ya kamata takardunsa su kasance a shirye tun ƙarshen daminar bana. Yawancin cibiyoyi na karɓar buƙatar wanda bai kammala ba, matuƙar zai gama kafin ranar fara aiki. Wasu tallafin ne kawai ke sharɗanta cewa sai an riga an kare kundin kafin ranar rufewa.

Inda ake tallata guraben

Kowane reshe yana da dandalinsa. Masu nazarin ƙwayoyin zarra da nukiliya suna duba sashen ayyuka na INSPIRE, wanda kuma shi ne ke tattara tarihin wallafe-wallafen kowane masani a fannin. Masu ilimin taurari suna duba rajistar ayyuka ta Ƙungiyar Masana Taurari ta Amurka, inda cibiyoyin ƙasashe da dama ke sanya tallansu. Jami'o'i da yawa na karɓar takardu ta AcademicJobsOnline. Ga Turai akwai EURAXESS na Tarayyar Turai, ga Birtaniya akwai jobs.ac.uk, sannan mujallun Physics Today da Physics World da Nature duk suna da sassan tallan ayyuka. Manyan cibiyoyi irin su na Max Planck da DESY a Jamus, da Fermilab da Brookhaven a Amurka, da Perimeter a Kanada, suna sanya nasu a shafukansu.

Sai dai ba kowane gurbi ne ke kaiwa ga talla ba, kuma ko wanda aka tallata, sau da yawa farfesan ya riga ya san wasu daga cikin masu nema ta hanyar ayyukansu. Shi ya sa rumbun arXiv ke da muhimmanci. Paul Ginsparg ne ya kafa shi a 1991, daga baya ya koma ƙarƙashin Jami'ar Cornell, kuma a nan masana fiziks ke sanya maƙalunsu kyauta tun kafin mujalla ta buga su. Mai bibiyar rumbun zai san rukunin da ke aiki a kan batunsa, zai kuma ga sunan hukumar da ke ba su kuɗi a sashen godiya na ƙarshen kowace maƙala. Wanda zai sanya maƙala a karon farko yakan buƙaci wani da ya riga ya saba wallafawa a sashen ya tsaya masa.

Manyan ƙofofin tallafi

Ga masanin da ya fito daga ƙasa mai tasowa, birnin Trieste na Italiya shi ne wurin farawa. A nan Cibiyar Nazarin Fiziks ta Ƙasa da Ƙasa, ICTP, take. Farfesa Abdus Salam na Pakistan, wanda ya samu lambar Nobel a 1979, shi ya kafa ta a 1964. Salam ya koma Lahore da koyarwa a farkon shekarun 1950, ya tarar ba shi da abokin tattaunawa a fanninsa, har ta kai shi ga komawa Cambridge a 1954. Ya kafa cibiyar ne domin kada wasu su fuskanci zaɓin da ya fuskanta tsakanin ƙasarsu da iliminsu. Cibiyar na ɗaukar 'yan fosdok, tana shirya tarurrukan horo a duk shekara, tana tura masana ɗakunan gwaji na Italiya, kuma tana da tsarin abokan hulɗa wanda ke bai wa malami damar riƙe aikinsa a gida yana kai ziyarar bincike lokaci-lokaci.

A birnin ne kuma hedikwatar TWAS take, wato makarantar kimiyya ta duniya mai kula da ƙasashe masu tasowa, wadda aka kafa a 1983. Tana haɗa gwiwa da hukumomi a ƙasashe irin su Indiya da Barazil da Pakistan wajen ba da guraben fosdok. Galibi ana buƙatar takardar amincewa daga cibiyar da za ta karɓi mutum, da alƙawarin komawa gida bayan kammalawa.

A Jamus, Gidauniyar Alexander von Humboldt da ke Bonn tana ba da tallafin wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da kammala digirinsa ba, daga kowace ƙasa. Tana kuma da tallafin Georg Forster, wanda aka keɓe wa masana daga ƙasashe masu tasowa da bincikensu ya shafi ci gaban yankunansu. Mai aiki a kan makamashin rana, ko ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko gurɓatar iska, yana da hujja mai ƙarfi a nan.

Tarayyar Turai tana da tallafin Marie Skłodowska-Curie, na shekara ɗaya zuwa biyu, wanda ɗan kowace ƙasa zai iya nema domin yin aiki a Turai. Ana rufe karɓar takardu a watan Satumba. Sharuɗɗansa sun haɗa da kada mutum ya wuce shekara takwas yana bincike bayan digirinsa, kuma kada ya kasance ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 a cikin shekara uku da suka gabaci ranar rufewa.

Hukumar JSPS ta Japan tana ba da wata 12 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara shida da kammalawa ba, kuma masanin da zai karɓi baƙon ne ke shigar da buƙatar ta hannun cibiyarsa. Birtaniya na da tallafin Newton na ƙasa da ƙasa ta hannun Royal Society. Makarantar Kimiyya ta ƙasar Sin tana da shirin PIFI. A Saudiyya, jami'o'in KAUST da KFUPM na ɗaukar 'yan fosdok, musamman a fannin makamashi da kimiyyar kayan ƙira. Ga masu ilimin taurari, tallafin Hubble na hukumar NASA, mai kaiwa shekara uku, a buɗe yake ga ɗan kowace ƙasa, amma a wata cibiya ta Amurka ake yin aikin. Mata kuma suna da ƙarin ƙofa a shirin Gidauniyar Schlumberger da aka fara a 2004, wanda ke ɗaukar nauyin mata daga ƙasashe masu tasowa a matakin digiri na uku da na fosdok.

Cibiyar CERN da ke kusa da Jeneba, mai na'urar karo da ƙwayoyin zarra da kewayenta ya kai kilomita 27, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012, tana fifita 'yan ƙasashen da ke mambobinta a guraben da take biya da kanta, kuma Najeriya ba mamba ba ce. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta jami'o'in da ke cikin manyan gwaje-gwajenta irin su ATLAS da CMS, domin su ke ɗaukar akasarin 'yan fosdok ɗin da ke aiki a can.

Sharuɗɗan waɗannan hukumomi na sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar shekarar da ake ciki ita ce abin dogaro.

Nahiyar Afirka da gida Najeriya

Afirka ta Kudu ce ta fi kowace ƙasa a nahiyar kafaffen tsarin fosdok. Na'urar hangen sararin samaniya ta MeerKAT mai faifai 64, da aka ƙaddamar a 2018 a yankin Karoo, da babban aikin SKA da ake ginawa a can da kuma Ostireliya, sun buɗe guraben bincike ga masu ilimin taurari da masu sarrafa tarin bayanai. Akwai kuma cibiyar iThemba LABS kusa da Cape Town ga masu nazarin nukiliya. Cibiyar AIMS, da aka kafa a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda. A birnin Kigali akwai cibiyar EAIFR, abokiyar hulɗar ICTP, wadda ke cikin Jami'ar Ruwanda.

A cikin gida, guraben da ake kira fosdok kai tsaye ba su da yawa, amma akwai cibiyoyin da ake yin bincike na haƙiƙa. Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ƙaramin tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, da ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfin tacewa a 2018. Akwai cibiyar makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, da ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da cibiyar kimiyya ta Sheda da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Abuja. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana da cibiyar kimiyyar sararin samaniya a Nsukka da ta nazarin iska da yanayi a Anyigba ta Jihar Kogi. Malaman manyan makarantun gwamnati kuma za su iya tuntuɓar ofishin TETFund na makarantarsu domin sanin tallafin da ke akwai a shekarar, kasancewar ta hannun makaranta ake miƙa buƙata ga asusun.

Abin da masanin Najeriya ke da shi a hannu

Mai nema daga Kano ko Nsukka ba zai iya gogayya da ɗalibin Munich wajen yawan na'urori ba, amma yana da abubuwan da na Munich ba shi da su. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, kuma a samansa, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, akwai wani kwararon lantarki da Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna wajen nazarinsa tun yana Ibadan. Rikicewar da ke faruwa a wannan sashe na sama tana shafar saƙonnin tauraron ɗan'adam da na'urorin GPS, don haka masu nazarin yanayin samaniya a ko'ina suna buƙatar ma'aunai daga wannan yanki.

Haka ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Arewa, batu ne da masana yanayi na duniya ke bibiya, kuma akwai tashar auna ƙura ta tsarin AERONET a Ilorin. Yadda zafi da ƙura ke rage ƙarfin faifan sola a Sahel tambaya ce da ke da kasuwa. Takardar da ta ce mai nema yana da ma'aunan shekara uku daga wurin da ba wanda ke da su, kuma yana son haɗa su da na'ura ko lissafin rukunin da yake nema, ta fi wadda ta tsaya kan roƙon a taimaka masa nauyi nesa ba kusa ba.

Ƙwarewar kwamfuta ita ce abu na biyu da ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Iya rubuta manhaja da Python ko C++, da aiki da tsarin Linux, da sanin manhajojin da fannin ke amfani da su, kamar ROOT da Geant4 ga masu nukiliya ko Quantum ESPRESSO ga masu nazarin daskararrun abubuwa, suna cikin abin da ake tambaya a tallace-tallace da yawa. Duk waɗannan kyauta ake sauke su.

Takardun da ake buƙata

Abu huɗu ne ke maimaituwa: takardar tarihin karatu da aiki, jerin wallafe-wallafe, bayanin bincike, da wasiƙun shaida, galibi guda uku.

Takardar tarihin ta masana ta bambanta da wadda aka saba kaiwa ma'aikatun gwamnati. Ba a buƙatar ƙaramar hukuma, ko addini, ko makarantar firamare. Abin da ake so shi ne taken kundin digiri, sunan malamin da ya duba shi, maƙalu, jawaban da aka gabatar a taruka, da ƙwarewar aiki.

A jerin wallafe-wallafe inganci ya fi yawa daraja. Maƙala biyu a mujallun da ma'abota fannin ke karantawa, irin su jerin Physical Review, sun fi ashirin a mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da tantancewa ba. Irin waɗannan mujallu na bogi sun zama tarko ga malaman da ke neman cika adadin maƙalu domin ƙarin girma, kuma ganinsu a takardar mai nema na iya sa a ajiye ta gefe. Rashin kuɗin bugawa ba hujja ba ce, domin mujallu masu daraja da yawa ba sa karɓar komai daga marubuci, wasu kuma na yafe wa 'yan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Bayanin bincike shafi biyu ne zuwa uku. Yana faɗin tambayar da mutum ya amsa a digirinsa, da rawar da shi kansa ya taka idan aikin na tarayya ne, da abin da yake son yi nan da shekara biyu, da dalilin da ya sa wannan rukunin ne ya dace. Aika takarda iri ɗaya zuwa wurare hamsin ba tare da sauya komai ba ɓata lokaci ne.

Wasiƙun shaida su ne suka fi komai nauyi, kuma a nan ne 'yan Najeriya da dama ke faɗuwa ba da saninsu ba. Wasiƙar da aka saba rubutawa a gida, mai sakin layi ɗaya da ke cewa mutum mai ladabi ne da biyayya, ba ta da amfani a wannan fage. Ana son shafi ɗaya ko biyu daga wanda ya san aikin, ya faɗi matsalar da mai nema ya warware da yadda ya warware ta. Muƙamin mai rubutawa, ko shugaban jami'a ne, bai kai sanin aikin muhimmanci ba. Masu shaidar da kansu ke aika wasiƙun ta intanet, kuma buƙatar da wasiƙunta ba su cika ba kafin wa'adi sau da yawa ba a ko buɗe ta. Ya kamata a sanar da su aƙalla wata guda kafin lokaci, a kuma tuna musu.

Samun mai shaida ɗaya daga wajen ƙasar yana ƙara ƙarfi, kuma hanyar samunsa ita ce halartar taruka. Makarantar Fiziks ta Afirka, da aka fara a Stellenbosch a 2010 sannan ta zagaya Kumasi da Dakar da Kigali da Windhoek, da tarukan horo na ICTP, wurare ne da matashi ke haɗuwa da waɗanda gobe za su karanta takardarsa.

Tuntuɓar farfesa da ganawa

Rubuta wa masani kai tsaye abu ne karɓaɓɓe. Saƙon imel ɗin ya zama gajere: wane ne mai rubutawa, wace maƙalar farfesan ya karanta, me zai iya ƙarawa a kai, da kuma tallafin da yake son su nema tare. Dogon yabo da jerin laƙabobi ba sa ƙara komai. Idan mako biyu ya wuce ba amsa, tunatarwa sau ɗaya ta wadatar.

Wanda ya tsallake zagayen farko akan gayyace shi ganawa ta bidiyo, inda zai gabatar da aikinsa cikin ƙayyadadden lokaci sannan a yi masa tambayoyi. Ya dace a tanadi wuri mai tabbatacciyar wuta da intanet, a kuma lura da bambancin agogo. Amsa tambaya da cewa ba a bincika wannan ɓangaren ba tukuna ta fi kame-kame, domin masu tambayar sun san fannin.

Idan tayi ya zo, akwai abubuwan da ya wajaba a sani kafin sa hannu: tsawon kwantiragin da yiwuwar sabunta shi, ko kuɗin albashi ne mai haraji da inshorar lafiya ko alawus ne kawai, ko akwai kuɗin halartar taruka, ko akwai koyarwa a ciki, da kuma tsadar haya a garin. Tambayar waɗanda suka taɓa aiki da farfesan na iya kare mutum daga shekara biyu na ƙunci.

Biza, iyali da aikin gida

Biza na iya cin watanni. A Birtaniya, masu bincike a rassan fiziks da dama daga ƙasashe irin su Najeriya sai sun samu takardar izini ta ATAS kafin neman biza. A Amurka akasarin 'yan fosdok na shiga da bizar J-1, wadda a wasu lokuta ke ɗauke da sharaɗin komawa gida na shekara biyu, kuma dokokin shiga ƙasar na yawan sauyawa. A ƙasashen Tarayyar Turai cibiyar da ta ɗauki mutum ce ke ba shi yarjejeniyar karɓar baƙunci da zai nemi izinin zama da ita. Mai iyali ya bincika tun da wuri ko kuɗin zai ɗauki nauyinsu, da ko tallafin na da alawus na mata da yara.

Ga malamin da ke da aikin dindindin a jami'ar gwamnati, wannan ne mataki mafi nauyi. Fosdok na ƙarewa, kuma ba kowa ne ke samun kujera a waje bayansa ba, domin masu digirin sun fi kujerun yawa. Wanda ya tafi ba tare da rubutaccen izinin hutu ba yana iya rasa aikinsa, wanda kuma makarantarsa ko TETFund suka ɗauki nauyin digirinsa yana da yarjejeniyar yi wa makarantar aiki na wasu shekaru, kuma karya ta na jawo neman a biya kuɗin. Hanyar da ta fi aminci ita ce neman izinin tun lokacin da aka fara tura takardu, tare da nuna wa sashen abin da zai amfana da shi.

A kula kuma da 'yan damfara. Cibiyar bincike ta gaskiya ba ta karɓar kuɗi domin ba da gurbin fosdok, kuma tayin da ya zo ba tare da ganawa ba, daga adireshin imel da ba na jami'a ba, abin tuhuma ne.

Bayan an kammala

Wasu na samun kujerar koyarwa ko ta bincike a waje, wasu na komawa kamfanonin makamashi, sadarwa, kuɗi da sarrafa bayanai, inda ake daraja masu horon fiziks. Wasu kuma na dawowa gida da abokan hulɗa da damar amfani da na'urorin da ba a da su a nan. Gidauniyar Humboldt na ci gaba da tallafa wa tsofaffin baƙinta daga ƙasashe masu tasowa bayan sun koma, ciki har da taimakon kayan aiki, haka ma tsarin abokan hulɗa na ICTP an gina shi ne domin wanda ya koma gida. Malamin da ya dawo da irin wannan alaƙa shi ne zai rubuta wa ɗalibansa wasiƙar shaidar da za a karanta da muhimmanci a lokacin da nasu neman ya zo.